Hanyoyin da Ba a Zana Ba

"Malama, mai zarton da zai sare mangwaron ya iso," in ji ɗalibarta.

Malamar tsara lambunan gari ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ci gaba da hawa hasumiyar coci, shugaban unguwa na biye da ita, zafin birnin Barranquilla ya jiƙa masa riga sharkaf.

Tun bara shugaban ya ce a sare tsohon mangwaron filin unguwa, a kafa mutum-mutumi a gurbinsa. Ita kuwa ta roƙi arzikin damina ɗaya. Ta hana ɗalibanta zana hanya ko guda, ciyawa kawai ta sa suka shuka. Unguwa ta yi ta dariya, wai an je jami'a an koyo noman harawa.

"Wa'adinki ya cika," ya ce yana haki. "Ina lambun?"

"Leƙa ƙasa, ranka ya daɗe."

Ya leƙa. Ƙafafun jama'a sun tsaga koriyar ciyawar da jajayen hanyoyi: ta mata masu tuyar arepa, wainarsu ta masara, ta 'yan makaranta, ta tsofaffin da ke buga wasan domino. Kowace ta karkace yadda ta ga dama, amma duk a gindin mangwaron suka haɗu.

"Waccan mai layi biyu fa, daga ina ta taso?"

"Daga ƙofar gidanka. Keken guragun mahaifiyarka ne."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya cire hularsa, ya ce a sallami mai zarto.

Ta juya ga ɗalibanta. "To, yanzu ku fito da fensiranku."