Ayuba Jikan Mai Maganin Aradu

Ayuba na bisa tsani, filaya a baki, tsirarar waya a hannu, ƙafarsa ko silifas babu. Matarsa Maijidda ta ajiye taɓarya tana salati.

"Malam, don girman Allah ka sauko. A kira mai gyara daga Malumfashi mana."

Ya zare filayar daga baki. "Ke dai yi surfenki. Kin manta jikan wa kike aure?"

Kowa a Dayi ya san jikan wane ne. Kakansa Bamaguje ne, mai maganin aradu. In tsawa ta faɗa wa rumbu, ba mai matsawa kusa sai an kira tsohon ya zo ya yayyafa abin da zai yayyafa. Ya mutu Ayuba na goye, uban Ayuba kuma ya musulunta ya watsar da kayan. Amma Ayuba ya kafe wai abin a jini yake. A hankalinsa lantarki ƙanwar aradu ce, kuma gidan da yayar ke jin kunya, ƙanwar ba za ta yi fitsara ba.

Ranar da aka kawo mita, ma'aikacin ya kafa ta can sama a bangon baya, wajen makewayi, inda aka kife wani tsohon turmi. Ya tara mutan gidan ya yi musu karatu. Kar a taɓa waya sai an zare fiyus, ga shi nan baƙi kamar sabulu a ƙarƙashin mita. Kar a naɗe haɗi da leda. Jan waya a gida kuma aikin mai takardar shaida ne. Ayuba hamma yake ta yi. Uwarsa, da kowa ke ce wa Tsohuwa, tana gefe tana ɓarar gyaɗa.

Sati bai zagayo ba ya kai auduga Funtua, ya dawo da naɗin waya da ƙwan fitila shida.

Ran farko shi ma gabansa ya faɗi, ƙarya ba kyau. Yana jingina tsani Tsohuwa ta ɗauki buta, ta ce ita cikinta ba zai ɗauki kallon wannan ganganci ba. Ayuba ya kasa kunne, ya ji injin markaɗen maƙwabta na ta ruri. Wuta dai akwai. Ya runtse ido ya kai ɗan yatsa.

Shiru. Ya damƙe wayar da yatsu biyar. Ko ɗar.

Ya murɗe, ya naɗe, ya sauko yana kwala wa uwarsa kira ta zo ta ga ikon Allah. Sai da ta gama jan ƙafa ta iso, sannan ya danna makunni. Ƙwai ya kama, fes.

Daga nan fa sai ɗakin Maijidda, sai na Tsohuwa, sai zaure, sai kicin, har turken awaki. Awakin ma ba su roƙa ba. Aiki shida ya yi, duk da tsirarar waya, duk ranar aikin kuma Tsohuwa da butarta. Ayuba har tausayinta yake ji. Tsufa da tsoro, a ce cikin mutum ya riƙa juyawa haka?

Labari ya kai majalisar bakin titi. Alhaji Maitama, dillalin hatsi, ya tofar da goro ya ce, "Zakaran da ke cara a gidansu! In ya isa, ya zo gidana. Ɓera ya cinye wayar zaurena. Juma'a in an sauko."

Ayuba ya ce ya ji, ya karɓa.

Maijidda ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta ce 'ya'ya huɗu zai bar mata. Da hantsin Juma'ar Tsohuwa ta ƙulla daddawa a leda, ta ce za ta gaida Hajiyar Maitama, sun kwana biyu ba su haɗu ba. Ayuba ya ji haushi. Ranar da ɗanta zai fita kunya, ita zance za ta cikin gida.

Aka sauko masallaci, zauren ya cika har waje. Shagon aski na jikin gidan rediyonsa na ta waƙa, kowa ya shaida akwai wuta. Ayuba ya naɗe hannun riga ya taka tsani. Da Alhaji ya ga da gaske ne, sai gumi ya karyo masa.

"Kai Ayuba, wasa nake yi fa! Sauko, kar ka ja mini gawa a zaure."

Ayuba ya leƙo shi ya yi murmushi, ya lashi tafin hannu don neman magana, ya cafke wayar.

Wani ya yi kabbara, wani ya arce. Shi kuwa gogan yana tsaye ƙyam, har da ɗaga wa jama'a gira. Ya haɗa, ya sauko, aka yi ta ihu. Can aka danna makunni, haske ya cika zauren.

Da la'asar ya shigo gida ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Tsohuwa na kan tabarma ta miƙe ƙafafu.

"Zauna, ɗan nan. Aiki nawa ka yi da na yau?"

"Bakwai, Inna."

"To ka cinye. Kakanka da bakinsa ya faɗa mini, maganin sau bakwai yake ci wa jika. Na takwas kuwa, ko wanka ba a iya yi wa mutum, sai dai a kwashe shi da shebur."

Ayuba ya dubi tafin hannunsa. Bai ko sha ruwa ba ya tattara filaya da ragowar waya, ya fita kai wa mai gyaran rediyo kyauta.

Maijidda ta matso, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, ashe da gaske akwai maganin?"

"Magani a gidan uban wa? Tafasa mini ruwa ki gasa mini gwiwar nan. Sau bakwai ina hawa turmi ina zare wa sakaran mijinki fiyus, yau a gidan Maitama har Hajiya ce ta riƙe mini ƙugu, ƙafata ba ta da na takwas."