Soron da Kowa Ya Ƙi Taɓawa

Shekara tara ke nan Umara yana kauce wa lungun gidansu. Idan ya taso daga kasuwar kifi ta Haɗeja, gara ya bi doguwar hanya ta bayan masallaci da ya haɗa ido da zauren nan mai kwaɗo. Amma gidan bai ƙyale shi ba. Yana cikin jera bandar kifi sai ya tsinci kansa yana tuna matattakalar benen, da duhunta ko da rana tsaka, da warin jemagu, da yadda suna yara suke runtumawa da gudu idan iska ta kaɗa ƙyauren sama.

Mahaifinsu ne ya gina shi, soro mai bene, rufin azara. Duk shekara kafin ruwan farko tsohon yakan kafa tsani ya hau da kansa, ya share indararo, ya sa a yi yaɓe. Da ya rasu ba a raba gado ba. Shu'ibu, babban wansu, yana garin Malam Madori. Abdulganiyyu, autansu, yana Kano. Shekarar farko Umara ya kira magini, sai Shu'ibu ya aiko cewa ashe har an fara shirin mallake gida tun ƙasar kabari ba ta bushe ba. Maganar ta soki Umara. Ya ce ba zai ƙara ɗora hannu a bangon ba. Daga nan kowa ya janye jiki, don duk wanda ya gyara, sai a ce da manufa.

Gida ya zama kango. Aka fara jin ƙara daga sama, kamar mutum yana takawa a hankali, wani lokaci kamar nishi. 'Yan unguwa suka ce aljanu sun tare. Abin da Umara bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne zancen ya yi masa daɗi, don ba a zargin mutum in ya guji gidan aljanu.

Mutum ɗaya ce ba ta karɓi zancen ba, Iya Yakaka, ƙawar mahaifiyarsa, wadda ɗakinta yake jingine da bangon benen. Da damina ta kama, ta tako har rumfarsa da sandarta.

"Umara, bangon gidanku yana zufa a ɗakina. Tabarmata har ta yi fumfuna."

Ya gyara mata benci, ya sunkuyar da kai. "Iya, kin dai san abin da ake faɗa a kan gidan nan."

"Shekara hamsin ina kwana a gindinsa, aljani bai taɓa yi mini sallama ba. Ubanka tsani yake hawa."

Ya ce ta koma wajen iyalinsa har ruwa ya ɗauke. Ta tambaye shi ko ita ce za ta bar ɗakinta saboda maza uku sun ƙi hawa tsani. Ta tafi ba ta karɓi kifin da ya ƙunsa mata ba.

Ranar bai iya zama wuri ɗaya ba. Ya kira Shu'ibu a waya, Shu'ibu ya ce a bari sai bayan girbi a zauna. Abdulganiyyu ya ce duk abin da Yaya ya yanke. Washegari da safe Umara ya aro tsani, ya saɓo shi har bakin lungu. Sai ya ga mutanen majalisar unguwa sun zuba masa ido, ya san kafin la'asar labari ya kai Malam Madori. Ya daɗe a tsaye, tsanin yana cin kafaɗarsa. Sannan ya juya ya mayar wa mai shi.

Abin da ya yi maimakon haka, ya samo malami aka yi tofi a ƙofar zaure, aka turara turare. Wannan dai ba wanda zai ce neman gado ne.

Marka ta sauka a watan Agusta, kwana uku ba ta ɗaga ba. Ranar Laraba bayan azahar, Umara yana rumfa yana rufe kwandunan kifi da leda, aka zo aka ce ya taho, benen gidansu ya faɗo a kan ɗakin Iya Yakaka.

Da hannu suka yi ta tono, shi da maƙwabta, cikin laka da karyayyun itace. Suka same ta zaune inda take tsince shinkafa, faranti a cinyarta. Kafin magariba aka kai ta makwancinta.

Da gari ya waye ya hau tarin ƙasar, karo na farko a shekara tara da ƙafarsa ta taka gidan. Ya ɗaga guntun azara, ta marmashe a hannunsa kamar gari. Gara ta cinye cikinta tas. Kukan da ake ji ke nan, itace ne yana saki a hankali. Can gefe ya ga indararon, bakinsa cushe da ƙasa da sheƙar tsuntsu, har wata 'yar ceɗiya ta tsiro a ciki. Ruwan shekaru bai sami hanya ba, sai ya riƙa bin cikin bango. Umara ya sa hannu ya zaƙulo cushen. Bai ɗauki lokacin da mutum zai yi alwala ba.

Shu'ibu da Abdulganiyyu sun zo ta'aziyya. A kan tabarmar makokin suka amince a rushe abin da ya rage a raba filin, ba wanda ya ɗaga murya. Shu'ibu ya juyo ya tambayi ra'ayin Umara. Umara ya tsaya kallon lakar da ta ƙi fita daga ƙarƙashin farcensa.

Jama'a, tsohon gidan da aka bari ba kowa, ba aljanu ne abin tsoro a cikinsa ba, sakacin masu shi ne. Ku raba gado da wuri, in kuwa ba a raba ba, ku gyara ko ku rushe. Gudun a zarge ka ba ya wanke ka idan bangonka ya faɗa a kan maƙwabci.