Rufin Ɗakin Yara

Nafi'u ƙanena, zauna tukuna, taron ƙungiyar malaman naku ba gudu zai yi ba. Yau ma na je makarantar su Shamsiyya. Ajinsu babu malamin lissafi, ga jarrabawar fita ta ƙarato, ni ko abinci ba ya shigar mini. Firinsifal ya ce hannunsa a ɗaure yake, wai tun da kuka yi yarjejeniya da ma'aikata ba ya iya ɗaga malami daga wani aji zuwa wani sai an zauna. Ni dai karatuna bai yi nisa ba, amma ji wannan.

A wani gari magina suka gaji da wulaƙancin masu gidaje, a kori mutum don kawai ya tsaya shan ruwa. Sai suka haɗa kai suka je wurin mai unguwa aka yanke magana: a dandali za a riƙa raba aiki, kowa da bangonsa, ba maigidan da zai ɗaga magini daga inda aka sa shi. Kuma wallahi da gaskiyarsu, an cuce su. To, dab da damina aka turo su yaɓen wani gidan ƙasa. Maigidan ya san rufin ɗakin yaransa ya tsage kusa da indararo, don shi ya sha tara ƙwarya a wurin bara. Ya nuna wa na farko, ya ce shi katangar waje aka ba shi. Na biyu ya tausaya masa, har ya ɗauki tsani, sai ya tuna kada a ce ya karya magana, ya ajiye. Maigida yana kai da kawowa tsakanin gida da dandali, ana ce masa sai an taru, hadari kuwa yana haɗowa daga gabas.

Da la'asar ruwa ya kece. Katangar waje ta yi sumul, mai wucewa ma sai ya yaba, amma rufin ɗakin ya rufta kan tabarmi da kayan yara, su kuwa suna takure a zaure suna kyarma. Bayan an ɗauke ruwa aka taru, aka amince lallai ɗakin nan na bukatar gyara.

Ban ce ku saki junanku ba, Nafi'u. Amma in ka je, ka ce su bar wa mutumin nan ikon nuna inda ya tsage, tun 'yata ba ta jiƙe ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.