Abin da Ke Cikin Wuyan Keken

“Ɗaure noti kawai, ba sai ka buɗe ba,” maigidan ya ce wa mai gyaran keke, yana share gumin da ba na rana ba.

Matarsa, wadda rawar wuyan keken ta kusa kayar da ita a hanya, ta kalle shi. “Me ke ciki da ba a son a gani? Buɗe mu gani, malam.”

Mai gyara ya sa sufana ya zare kan keken. Ya ce bututun ya cinye, ɗauri ba zai riƙe ba sai an cusa ɗan ƙarfe an cike gurbin. Ya zura yatsa, sai ya dakata.

“Ai wani ya riga ni. Aikin ma ba laifi.”

Ya zaro siririn yankin gwangwani, baƙi ƙirin da giris. Matar ta karɓa ta goge da bakin mayafinta. Shuɗin fure ya fito, sannan rabin fiffiken tsuntsu.

Gwangwanin allura da zare ne, wanda mahaifiyarta ta bar mata. Ranar da ya ɓace, ƙanwarta kaɗai ta shiga ɗakin. Tun daga nan ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Maigidan ya duƙa yana ta latsa tayar da ba ta sace ba.

“Mayar da shi ka ɗaure da kyau,” ta ce wa mai gyara. “Gidan ƙanwata da nisa. Maigidana ne zai tuƙa, kuma in mun isa, shi zai yi bayani.”