Kifin Malam Kyari

Malam Kyari na cikin zana kifi a allo, karo na huɗu a zangon, sai ga Madam Uchenna, sabuwar shugabar makarantar, tsaye a bakin ƙofa riƙe da manhaja.

Kowa a Sabon Gari ya san Malam Kyari. Shekara bakwai ke nan ƴan aji shidansa ke zuwa na ɗaya a kimiyya, a jarrabawar haɗin gwiwa ta makarantun yankin. Dabararsa ɗaya ce. Ya tara tsofaffin tambayoyi, ya gano cewa mai fitar da su, ko wane ne shi, ba ya wuce kifi, wake da inuwa. Shi ke nan ya tattara sauran darussa ya jingine. Yaransa sun san kifi daga baki har wutsiya, amma ka tambaye su ina huhunsu yake, sai kallon-kallo.

"Malam, ko ka koyar da manhaja duka, ko ka koma aji biyu," in ji Madam. "In kuma sakamako ya faɗi, nan ma aji biyu."

Tirƙashi! Aji biyu, wurin masu kuka da majina? Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya koma gida unguwar Kwaciri yana mita, ya buɗe tsohon littafin darasinsa, wanda har maƙwabta ke ara saboda kyan tsari, ya ƙara babi a kan zuciya da yadda jini ke zagayawa. Iya Muinat ta gidan da ke kallon nasa, tsohuwar malamar da kan ari littafin duk shekara, ta karɓa bana ma, ya miƙa mata yana ƙorafin an ɓata masa lissafi.

Sati biyar yana koyar da zuciya, tasa na dukan uku-uku. Lokacin kifi ne fa ake ci, a kan abin da bai taɓa fitowa ba!

Ranar jarrabawa ya leƙa takarda, ya ga tambaya ta farko: zana zuciyar ɗan Adam. Ta biyu ma jini. Sai da ya nemi kujera. Yaransa suka sake zuwa na ɗaya, ya riƙa yawo a makaranta yana cewa shi dama jikinsa ya ba shi.

Da yamma ya tsaya gaida Iya Muinat, zai ba ta labari, ta riga shi.

"Malam, Allah ya saka da alheri kan sabon babin nan. Bana na ajiye aikin, sai in faɗa maka. Shekara bakwai ina ciro tambayoyin jarrabawa daga littafinka, tunda kai ne gwani, kuma wallahi na gaji da kifi."