Goron da Aka Mayar

"Don girman Allah, ku karɓi goron nan!" in ji Malam Isyaku.

Gida na goma sha biyu ke nan da ya shiga a ƙauyen Ruwan Bago. Ko'ina sai a amsa masa sallama da mutunci, a tambayi iyali, sannan a mayar masa da goron gayyatarsa. Duk wanda ya karɓa ya ɗauki alkawarin zuwa taron siyasar Honorabul, shi ya sa ba mai taɓawa.

Kwana tara ɗansa Zubair yana tsare, don kawai ya ce Honorabul ya killace burtalin shanu ya mai da shi gonarsa. Sharaɗi ɗaya aka gindaya wa Isyaku: ya cika filin taro kafin manyan baƙi su iso daga Kano, a sakar masa ɗa.

Ranar taron, la'asar ta yi, fili wayam. 'Yan acaɓa sun jingine babura. 'Yan dabar da aka kwaso don a tayar da rigima sun rasa wanda za su daka.

Isyaku ya koma gida ya zube a tabarma. "Ruƙayyatu, sun kashe mana ɗa. Wane marar imani ne ya hana mutane fita?"

Matarsa ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da wanke kwanon da take kai wa Zubair abinci.

Ta ce, "Ɗanka ne, Malam. Ni na kai saƙonsa gida-gida. Ya ce gara ya shekara a ciki da a ce goro ya sayi burtali."