Hoton Da Yahuza Ya Cire Daga Bango

Har yau in Yahuza ya shigo falonsu na Taman Melati, idonsa kan fara sauka a kan wata ƙusa da ke bango. A da akwai hoto a rataye a wurin, shi ya cire shi da hannunsa.

Hoton wata tsohuwa ce mai farin gashi. Matarsa Mubina ce ta rataye shi tun da ta fara digiri na biyu a kan ilimin ƙwaƙwalwa a nan Kuala Lumpur. Ta sha ba shi labarin matar. Bayahudiya ce, a zamanin yaƙin duniya aka hana irinta aiki a jami'a, sai ta mayar da ɗakin kwananta wurin bincike, tana fasa ƙwan kaji tana nazarin yadda jijiya ke tsirowa. Har ta haura shekara ɗari ba ta ajiye aiki ba.

Shi kuwa Yahuza, da duk karatun injiniyansa, kalma ɗaya ya tsinta a labarin: Bayahudiya. Ana gobe mahaifiyarsa za ta sauka daga Kano, ya cire hoton ya cusa a bayan kabad. Daga ranar, duk abin da Mubina ta faɗa game da lafiya sai ya ce karatun Bayahudiya ya motsa. Da wasa ya fara, a hankali abin ya zauna masa a zuciya.

Umma ta zo ne ganin takwararta, jaririyar da suke kira Ummi. Mace ce mai baki da tsokana. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta Malayanci, amma in ta shiga kantunan yadi na Masjid India sai ta bar masu shago suna dariya.

Wata safiya Yahuza ya sayo musu roti da shayi a kedai mamak, wato shagon abincin Indiyawa da ke ƙasan beninsu. Umma ta ɗauki kofin shayi, sai ya suɓuce mata. Ta buɗe baki za ta yi wa kanta tsiya, maganar ta fito a dunƙule. Bakinta ya karkace gefe guda.

Mubina ta ajiye jaririya ta durƙusa gabanta. "Umma, ɗaga hannuwanki duka biyu."

Na dama ya ƙi tashi.

"Abban Ummi, stroke ne, ciwon shanyewar ɓarin jiki," in ji Mubina. "Mu tafi asibiti yanzun nan. In jini ne ya toshe hanya, akwai allurar da sai da wuri take aiki."

"Iska ce ta buge ta, jiya a ƙarƙashin AC ta wuni," in ji Yahuza. "Kuma ni ne auta. In kai Umma a kwantar da ita a asibitin wata ƙasa ban gaya wa Yaya Ahmadu ba? Me zan ce wa dangi?"

Tun rasuwar mahaifinsu, ba a yanke komai a gidansu sai da yawun babban wansu Ahmadu. Yahuza ya kira shi, wayar a kashe. Rana ta fito a Kuala Lumpur, amma Kano tana barci.

"Don girman Allah, please lah, mu tafi. Ka gaya masa daga baya. Abin da ya mutu a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa."

"Ajiye mini karatun Bayahudiyarki. Uwata ce."

Ya yi tofi a ruwa, ya shafa wa Umma man habbatus sauda. Mubina ta ɗauki waya za ta kira motar asibiti, ya yi mata kallo ɗaya, ta ajiye tana kuka. Umma tana kan kujera tana kallon su duka biyun, ba halin magana.

Ana dab da kiran azahar a Kuala Lumpur, asuba ta yi a Kano, Ahmadu ya ɗauki waya. "Kai, kana da hankali kuwa? Wannan har sai ka tambaye ni? Maza kai ta asibiti."

Likitar da ta karɓe su 'yar ƙasar ce, Musulma, da lulluɓinta. Ta duba hoton ƙwaƙwalwar Umma, ta tambayi lokacin da abin ya fara, sannan ta gaya musu a hankali cewa lokacin allurar ya wuce. Yahuza ya ɗaga kai don ya guje wa idonta. A bangon bayanta sai ga hoton tsohuwar nan mai farin gashi tana kallonsa.

Likitar ta lura da inda yake kallo. Ta ce da Turanci, "Duk wanda ya karanci jijiya ya ci moriyar aikinta."

Umma ta rayu, amma ɓarin jikinta ya shanye, magana kuma ta tafi. Kalma ɗaya ce ta rage a bakin da ke cika gida da dariya: "Auta." In ruwa take so, Auta. In ciwo take ji, Auta. Ko yana makaranta, ko yana tsaye a cikin jirgin ƙasa, Yahuza yana jin muryar a kunnensa, kuma bai san ko kira ba ne ko tambaya. Mubina ba ta taɓa ce masa ai na gaya maka ba, wannan shirun nata ya fi yi masa ciwo.

Rannan ya janye kabad don ya mayar da hoton mazauninsa. Ya tarar laimar garin ta cinye fuskar tsohuwar, sai farin gashin kawai. Yana tsaye da shi a hannu, daga ɗaki Umma ta sake kira.

Jama'a, in baki ya karkace ko hannu ya ƙi tashi, a kai asibiti tukuna, a yi shawara da manya daga baya. Ilimi mai amfani kuma ba a tambayar ƙabilar wanda ya kawo shi. Wanda ya ƙi shi don ƙin mai shi, wani nasa ne zai ɗanɗana kuɗarsa.